Hasken da Ke Yi wa Takarda Shaida

Duk wanda ya taɓa riƙon ɗaya daga cikin tsofaffin littattafan hannu da malaman Sakkwato da Kano da Kukawa suka kwafa a ƙarni na 19, in ya zaro warƙa guda daga gafaka ya ɗaga ta tsakaninsa da rana, sau da yawa zai ga jinjirin wata guda uku a jere cikin jikin takardar, alhali ba da tawada aka zana su ba, kuma ba sa bayyana muddin warƙar tana ajiye a kan buzu. Takardar nan a arewa maso gabashin Italiya aka yi ta, a ƙasar da ke kewaye da birnin Benis, inda gidaje irin na zuriyar Galvani a yankin Pordenone suka daɗe suna yi wa kasuwannin Daular Usmaniyya ta Turkawa aiki. Jiragen ruwa su kai ta Tarabulus da Masar, raƙuma su ƙetaro Sahara da ita, har ta iso hannun magatakarda da almajiri. Yadda ake sa alamar kuwa ba wani sihiri ba ne: mai aikin yakan lanƙwasa siririyar waya ya fitar da surar da yake so, ya ɗinke ta a kan rariyar da yake ɗibar kirɓaɓɓen tsumma da ita, sai wurin da wayar ta kwanta ya fi sauran takardar rashin kauri, haske kuma ya fi samun hanyar ratsa shi. A garin Fabriano aka fara wannan hikima wajen shekarar 1282, kuma har yau da ita masu binciken littattafan hannu suke ƙiyasta shekarun kwafi, bisa hujjar da hankali ba ya musu, cewa rubutu ba zai girmi takardar da aka yi shi a kanta ba.

Daga wannan 'yar waya wata sana'a ta tsiro wadda ba ta da rumfa a kasuwa, ko da yake kowa yana yawo da aikinta a aljihunsa, watau sana'ar dasa wa takarda alamar da ba ta magana sai haske ya tambaye ta. Shekara ɗari bakwai da 'yan kai ke nan ma'abutanta suna neman abubuwan da haske ke sauya wa kama, waɗansu domin su tona asirin mai jabu, waɗansu kuma, daga baya, domin su sami abin da za a yi rubutu a kansa da haske, a kuma shafe da haske. Wanda ya bi tarihinsu a natse zai ga abu guda yana maimaituwa: abin al'ajabi ba ya wuyar samu a ɗakin bincike, mai wuyar shi ne wanda zai jure rana da gumi da hannun jama'a, kuma da yawa daga cikin binciken da ya fi burge masana a zamaninsa a wannan mashigi ya faɗi.

Muddin kuɗi na zinariya ne da azurfa, ba a bukatar wannan wahala sosai, domin dinari darajarsa a jikinsa take. Mai shakka ya ɗora shi a ma'auni, ko ya goga shi a dutsen gwaji ya duba launin zanen da ya bari, kuma a biranen Musulmi binciken algus a cikin kuɗi yana daga cikin ayyukan muhtasibi. Takardar kuɗi ce ta zo da sabuwar mas'ala, saboda ita ba komai ba ce face alkawari a rubuce, kuma duk wanda ya iya kwaikwayon rubutun ya iya cin dukiyar mutane da shi. Mutanen Sin, waɗanda suka riga kowa buga ta tun ƙarni na 11, da takobi suka tsare ta: takardun daular Ming da aka fara bugawa a 1375 suna ɗauke da gargaɗi cewa za a fille kan mai jabu, a kuma ba wanda ya tona shi ladan azurfa. A 1294 sarkin Mongol na Farisa, Gaikhatu, da baitulmalinsa ya ƙafe, ya yi koyi da Sin ya buga takarda a Tabriz, har da kalmar shahada a jikinta, ya kuma yi barazanar kisa ga wanda ya ƙi karɓa. 'Yan kasuwa suka rufe rumfuna, cikin wata biyu aka janye ta. Ingila ma hanyar igiya ta bi. Bankinta, wanda aka kafa a 1694, ya soma amfani da takarda mai tambarin ciki, irin alamar nan da waya ke bari, a 1697, daga 1724 kuma ya ɗora wa gidan Henry Portal amanar yin ta. Amma tsakanin 1797 da 1821, sa'ad da yaƙi da Faransa ya sa aka dakatar da biyan zinariya, aka cika hannun talakawa da takardun fam ɗaya da fam biyu masu sauƙin kwaikwayo, an rataye ɗaruruwan mutane, da yawansu kuwa ba su ne suka buga jabun ba, an kama su ne suna kashe ta. A ganina zalunci ne babba hukuma ta tsananta haddi a kan takardar da ita kanta ba ta ba jama'a ingantacciyar hanyar gane ta ba.

Taimako ya zo daga wajen mutanen da ko kusa ba kuɗin takarda ne a ransu ba. Wajen 1603 wani baduku a birnin Bologna, Vincenzo Casciarolo, wanda yake taɓa alkimiya da fatan samun zinariya, ya tsinci wani dutse mai nauyi a tsaunin Paderno, ya gasa shi da gawayi, sai ya tarar in ya sha rana yakan yi ta ƙyalli cikin duhu. Zinariya dai ba ta samu ba, amma ya bar wa masana tambayar da suka daɗe suna juyawa. A 1801 Johann Ritter, a garin Jena na Jamus, ya raba hasken rana launi-launi da gilashi mai kusurwa uku, ya shimfiɗa takardar da aka shafa wa gishirin azurfa, sai ya ga ta fi saurin yin baƙi a can bayan shunayya, inda ido ba ya ganin komai, da haka kuwa ya tabbata cewa akwai haske na baɗini bayan na zahiri. Sa'an nan a 1852 George Stokes na Jami'ar Kambirij ya ɗauki ruwan kwinin, maganin zazzaɓin nan, wanda garau yake ba launi, ya shigar da shi cikin wannan yanki mai duhu, sai ruwan ya kama haske shuɗi. Ya kuwa fitar da ƙa'idar da ake kira da sunansa, cewa irin waɗannan abubuwa sukan sha haske mai ƙarfi su mayar da wanda bai kai shi ƙarfi ba, har ya zama abin da ido ba ya gani ya dawo abin gani.

A kan wannan ƙa'ida fitilar nan mai shuɗin haske ta tsayu, wadda ake gani a kan teburin ma'aikacin banki da na 'yan canji a Wapa ta Kano. Takardar kuɗi ta gaske galibi da auduga ake yin ta, ba a kuma sa mata sinadarin ƙara fari da ake sa wa takardar rubutu, saboda haka a ƙarƙashin fitilar takan zauna dushi-dushi, sai 'yan zarurrukan da aka watsa cikinta da lambobin da aka buga da keɓantacciyar tawada su haska ja ko kore ko shuɗi, alhali takardar ofis da mai jabu ya buga a kanta gaba ɗayanta take ɗaukar haske. Lokacin da kuɗin yuro ya fito a 2002, babban bankin Turai bai faɗi abin da ya sa a tawadarsa ba, amma a cikin shekarar waɗansu masana biyu a Jami'ar Utrecht ta Holan suka auna hasken, suka gane cewa jan daga ma'adinin yurofiyom yake fitowa. Tonuwar wannan sirri ba ta rushe komai ba, domin sanin sunan ma'adini daban, iya sarrafa shi ya zama tawadar da za ta zauna daram a kan auduga shekara da shekaru daban.

Tambarin ciki ya gamu da babbar jarrabawarsa a Yaƙin Duniya na Biyu. Farar takardar fam biyar ta Ingila, wadda baƙar tawada ce kawai a fuska ɗaya, siffarta ba ta sauya sosai ba tun ƙarni na 19, kuma ga takardar kanta da tambarinta bankin ya dogara. Daga 1942 gwamnatin Nazi ta tara fursunoni Yahudawa wajen 140, masu aikin ɗab'i da masu sassaƙa zane a ƙarfe, a sansanin Sachsenhausen kusa da Balin, ƙarƙashin wani hafsa mai suna Bernhard Krüger, aka tilasta su buga takardun fam 5 da 10 da 20 da 50 na sama da fam miliyan 130, da tambarin cikinsu da komai, suna aikin suna sane da cewa ranar da bukatarsu ta ƙare, ransu ma yana iya ƙarewa. Ingila ta daina fitar da takardun fam goma zuwa sama a 1943, ta saka zaren ƙarfe a cikin ta fam biyar, kuma a 1959 aka tsamo akwatunan ragowar jabun daga tafkin Toplitz na Ostiriya.

Duk da haka, na'urar ofis ce, mai kwafin hoto da launi, ta sauya sana'ar daga tushe, da ta fara yaɗuwa a shekarun 1970 da 1980. A da sai mutum ya yi shekaru yana koyon sassaƙa kafin ya iya jabu. Yanzu kowane yaron shago yana iya gwadawa. Amma na'urar tana da aibi guda wanda ba ta iya rabuwa da shi: daga fuska ɗaya take kallon takarda, kuma kowane ɗigo launi ɗaya take ba shi. Masu tsaron kuɗi suka ce to, sai a nemo alamar da in an karkata ta sai ta sauya, domin abin da ba shi da kama ɗaya, hoto ɗaya ba zai kama shi ba.

Na farko da ya shiga hannun jama'a shi ne hologiram. Dennis Gabor, mutumin Hangari mazaunin Ingila, ya gano asalinsa a 1947 yana neman gyara madubin ganin ƙananan halittu mai aiki da lantarki, amma sai da hasken leza ya samu a 1960 abin ya yiwu sosai, sai kuma a 1968 Stephen Benton na kamfanin Polaroid ya fito da irin wanda ake gani da hasken yau da kullum, wanda daga baya aka iya danna shi a kan leda mai azurfa-azurfa dubu bisa dubu. Kamfanin Mastercard ya sa shi a katinsa a 1983, Visa ya biyo da kurciyarsa a 1984. Wannan sauƙin bugawa da ya yaɗa shi, shi ne kuma ya rage masa kwarjini, domin a yau ana samun ƙyalƙyalin da ya yi kama da shi a kan kwalin maganin jabu, mai jinya kuwa, wanda ba a taɓa nuna masa surar da ya kamata ya nema a ciki ba, da ya ga walƙiya sai zuciyarsa ta natsu, ya biya kuɗinsa ya kai wa ɗansa alli a madadin magani. Ta biyu ita ce tawada mai sauya launi, wadda kamfanin SICPA na Suwizalan ya shahara da ita: ƙananan ɓarɓashi ne, kowanne an jera masa fatu-fatu na ƙarfe da na wani gishiri mai ratsuwar haske, siraransu sun kai a auna su da tsawon zangon hasken kansa, ta yadda hasken da ya dawo daga fatar sama da wanda ya dawo daga ta ƙasa sukan haɗu su ƙarfafa wani launi su kashe wani, gwargwadon kusurwar da mai kallo yake. Tailan ce ta fara sa ta a 1987, a takardar baht 60 da ta buga domin cikar sarkinta shekara sittin, Amurka kuma ta sa ta a dala 100 ta 1996, inda lambar ke juyawa daga kore zuwa baƙi.

Ostireliya ta bi wata hanyar. Ta sauya kuɗinta zuwa dala a watan Fabrairu na 1966 da takardun da ake ganin babu kamarsu, kafin shekarar ta ƙare jabun dala goma ya bayyana a gari. Gwamnan babban bankinsu, H. C. Coombs, ya tara masana kimiyya ya ɗora musu mas'alar, aka shafe shekara ashirin, David Solomon da abokan aikinsa na hukumar bincike ta ƙasar suna gwaji, har a Janairun 1988 aka fitar da takardar kuɗi ta roba mai taga garau a jikinta, wadda na'urar kwafi ba ta da yadda za ta yi da ita. Wannan ita ce kakar kuɗin ledar da Nijeriya ta fara da naira 20 a 2007, ta ƙara da naira 5 da 10 da 50 a 2009. Kuma duk wanda ya karɓi canji a tasha ya ga yadda tagar take nan daram, amma tawadar da ke kan ledar takan koɗe da yawan shafar hannu, har hoton ya kusa ɓacewa.

Reshe na biyu na wannan tarihi daga wata bukata ya taso wadda a zahiri kishiyar ta farko ce. Mai hatimi yana son alamar da ba ta gogewa. Mai ajiyar bayani kuwa allo yake so, wanda almajiri zai rubuta, ya haddace, ya wanke, ya sake rubutawa, allon bai lalace ba. Tun 1867 wani masani mai suna Fritzsche, a birnin San Fitasbag na Rasha, ya lura da wani sinadari mai ruwan lemo wanda launinsa ke gushewa a rana ya dawo cikin duhu, a 1881 kuma wani masanin, Phipson, ya ba da labarin wani turken ƙofa da aka yi wa fenti, wanda yake baƙi da rana, fari da dare. An daɗe ana ɗaukar waɗannan abin ban mamaki kawai, har zuwa shekarun 1950, lokacin da Yehuda Hirshberg na Cibiyar Weizmann a Rehovot ya yi nazarin waɗansu sinadarai da ƙwayarsu ke buɗewa ta yi launi in wani haske ya same ta, ta rufe ta koma fara in wani ya same ta. A 1956 ya bayyana cewa abin da ke da hali biyu irin haka ana iya ajiye bayani a cikinsa, tun da kwamfuta ba ta san komai ba sai sifiri da ɗaya.

Ra'ayin sahihi ne, amma illoli uku suka tare shi shekara talatin. Ta farko, ƙwayoyin sukan koma halinsu na asali da kansu saboda ɗumin ɗaki kawai, watau rubutun ya shafe kansa ba da iznin mai shi ba. Ta biyu, sukan gaji: kowane juyi waɗansu ƙwayoyi su lalace, bayan 'yan juye-juye launin ya mutu. Ta uku ita ce mafi daɗin nazari, domin hasken da za a karanta rubutun da shi, shi ma haske ne, yana karantawa yana gogewa. Illar farko ta zama alheri a wuri guda, wato tabaran nan da ke yin duhu a rana ya washe a inuwa, wanda Armistead da Stookey na kamfanin Corning suka ƙago a farkon shekarun 1960 da ɗigon gishirin azurfa a cikin gilashi, gama a can mantuwar ake so. A wajen ajiyar bayani kuwa sai a 1988 Masahiro Irie na Japan ya bayyana wani jinsin sinadari mai suna dayariletin, wanda ba ya komawa da kansa, kuma mafi ingancinsa yana jure juyi sama da 10,000.

Kafin wannan ya isa kasuwa, wata dabara ta riga shi, daga hannun mutumin da bai taɓa shiga jami'a ba. Stanford Ovshinsky, ɗan garin Akron a Amurka, wanda ya fara rayuwa a matsayin makanikin injin ƙira, ya nuna a 1968 cewa waɗansu gilasai masu ma'adinin teluriyom suna iya juyawa tsakanin hali biyu, ɗaya ƙwayoyinsa a jere sahu-sahu, ɗaya a hargitse. Jerarren ya fi mayar da haske, hargitsattsen bai kai shi ba, kuma kowanne yana zaune a halinsa shekaru ba tare da an tsare shi ba. A 1987 Noboru Yamada da abokansa a kamfanin Matsushita suka sami haɗin jamaniyom da antimoni da teluriyom mai saurin jeruwa, a 1997 kuma faifan CD-RW ya shiga kasuwa da wani haɗin mai kama da shi. Leza mai ƙarfi takan narkar da ɗigo a zafin da ya haura digiri 500, ya sandare nan take a hargitse. Mai matsakaicin ƙarfi ta ɗumama shi zuwa wajen digiri 200 ya koma sahu, shafewa ke nan. Mai rauni kuwa ta karanta ba ta taɓa komai ba, saboda zafinta bai kai haddin da zai motsa ƙwaya ba. Da wannan haddi aka warware illa ta uku. Ana iya sake rubuta faifan kamar sau 1,000, na DVD-RAM kuma har sau 100,000, sai dai zamaninsu bai yi tsawo ba, filasha da intanet suka ture su cikin shekara goma sha.

A yau rassan biyu sun haɗu a ɗakunan bincike na Sin da Japan da Turai da Amurka, inda ake neman abu guda mai fuska da yawa: launi ɗaya a rana, wani a ƙarƙashin hasken bayan shunayya, wani kuma in an haska shi da hasken bayan ja, bisa abin da François Auzel ya gano a Faransa a 1966, cewa waɗansu ma'adinai suna iya tara rarraunan haske biyu su fitar da mai ƙarfi ɗaya, a kan haka kuma a iya rubuta masa lamba da leza a shafe ta in an so. Har halittun tafkunan gishiri sun shiga cikin binciken, domin wani furotin mai launin shunayya da masana biyu, Oesterhelt da Stoeckenius, suka gano a jikinsu a 1971 yana komawa rawaya da haske, kuma Norbert Hampp na Jami'ar Marburg ya yi aikin mai da shi tawadar tsaro. A 2017 Yadong Yin na Jami'ar Kalifoniya a Riverside, da abokansa na Jami'ar Shandong, suka nuna takarda da aka shafa wa tsohon shuɗin nan na Furushiya tare da garin titaniyom, wadda ake rubutu a kanta da haske, rubutun ya zauna kamar kwana biyar, ko a shafe shi da zafin digiri 120 cikin minti goma, a maimaita har sau 80. Wannan ya isa ga sanarwar mako guda a bangon makaranta, amma bai isa ga takardar gona ko shaidar karatu ba, waɗanda ake so su kai hannun jikoki.

Kafin a yarda wata sabuwar tawada ta hau takardar kuɗi, masu ɗab'in sukan cukuikuye samfurin su warware shi sau da yawa, su jefa shi injin wanki da sabulu, su jiƙa shi a giyar asibiti da fetur da ruwan da aka haɗa ya yi kama da gumin mutum, su kuma ajiye shi kwanaki ƙarƙashin fitilar da ke kwaikwayon rana. A wannan ɗaki ne galibin sinadarai masu juyawa da haske suke tsayawa, shi ya sa har yanzu ba su zama ruwan dare a kan kuɗi ba, alhali tambarin ciki da zaren ƙarfe da tawada mai sauya launi da taga garau suna kan kuɗin ƙasashe da yawa, kuma dukkansu huɗun mai sayar da ƙosai tana iya duba su da idonta a bakin titi, ba fitila, ba batir.